Tarkon da aka ɗana wa jakadan Faransa a Mosko

Tarihin da muka kawo maka a wannan karo ya faru ne a birnin Mosko, daga 1955 zuwa 1964. Wurin da nisa, sunayen mutanen kuma da wuyar faɗi, amma akwai ɗaya daga cikinsu wanda ka sha jin sunansa, wato Janar Degol na Faransa. Labarin wani amininsa ne da ya faɗa hannun ƴan leƙen asirin Rasha ta hanyar mace. Ka bi mu sannu a hankali, don abin da ya riƙe mutumin nan cikin tarko ba shi ne abin da za ka fara zato ba.

Duniya ta rabu biyu

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, ƙasashen da suka taru suka ka da Hitila ba su daɗe suna shiri ba. Amurka ta ja nata mutane. Tarayyar Sobiyet, wadda aka fi sani da Rasha, ita ma ta ja nata. Ba su fito fili sun gwabza ba, sai zaman doya da manja, kowa na haƙon kowa. Shi ne ake kira yaƙin cacar baka. A 1949 ƙasashen yamma suka ƙulla ƙawancen soja mai suna OTAN. Faransa na ciki, har ma daga 1952 babban ofishin ƙawancen a birnin Pari yake.

Shugabannin Mosko ba su da burin da ya wuce su ga ƙawancen nan ya wargaje. Sun kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganinsu tsagar tana wajen Faransa. Jam'iyyar ƴan kwaminis tana da ƙarfi a can. Faransawa da yawa ba su son Amurka ta riƙa juya su. Ga kuma tsoron Jamus, wadda ta mamaye su a 1940, aka kuma shigar da rabinta na yamma cikin OTAN a 1955.

Hukumar da ke riƙe da aikin asiri a Rasha a wancan zamani sunanta KGB. An kafa ta a 1954. Tana da sassa da yawa. Sashe na farko shi ke tura ƴan leƙen asiri ƙasashen waje. Sashe na biyu kuwa aikinsa cikin gida ne: sa ido a kan ƴan ƙasa, da kowane baƙon da ya sa ƙafa a ƙasar, musamman ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Daga 1956 shugaban wannan sashe na biyu wani babban hafsa ne, Oleg Gribanov. Riƙe sunan nan da kyau, za mu sake gamuwa da shi sanye da wata riga.

A wancan zamani jakadan da ke zaune a Mosko ba shi da ikon ɗaukar direba ko kuku ko mai shara da kansa. Sai ya nema a wani ofishin gwamnati a turo masa. Waɗanda ake turowa kuwa dole su riƙa kai rahoto. An kuma sha binne na'urorin sauraro cikin bangayen gidajen baƙi. Don haka kafin baƙo ya daɗe an san abin da yake sha, an san wanda ke bin sa bashi, an san ko suna faɗa da matarsa da dare. Wanda aka ga yana da rauni wajen mata, sai a tura masa mace. Irin wannan mace ana ce mata tsattsewa. Namijin da ake tura wa mata kuwa ana ce masa hankaka.

Za ka tambaya, me zai sa mace ta yarda da irin wannan aiki? To, ka sani a Mosko ta wancan lokaci wurin kwana ya fi zinari tsada. Iyali guda a ɗaki guda suke, gidaje huɗu ko biyar suna girki a murhu ɗaya. Kuma ba ka da ikon zama a birnin sai da takardar izini ta ƴan sanda. Yarinyar da ta zo daga wani gari tana neman shiga wasan sinima, in aka yi mata alkawarin ɗaki, da takardar zama, da tufafi, da matsayi a wani fim, ƙin yarda na da wuya. Balle mai roƙon nata shi ne mai ikon korar ta daga birnin gobe da safe.

Wane ne Dejan?

Sunansa a rubuce Maurice Dejean, ana furta shi Moris Dejan. An haife shi a 1899. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Faransa a Balin kafin yaƙi. Da Jamus ta ci Faransa, Janar Degol ya tafi Landan ya ce shi bai yarda an gama yaƙi ba. Dejan ya bi shi can a 1941, Degol ya ɗora shi a kan harkokin waje na ƙungiyarsa. Ka ga sun san juna tun ranar wuya. Bayan yaƙi ya yi jakadanci a Cekoslobakiya da Japan, ya kuma wakilci Faransa a Indocin a 1953 da 1954, lokacin da mulkinta ke rushewa a can. A ƙarshen 1955 aka naɗa shi jakada a Mosko, yana da shekara 56, ya iso tare da matarsa Mari-Kiler.

A lokacin Degol ba shi da mulki. Tun Janairun 1946 ya ajiye, ya koma ƙauyensu yana rubuce-rubuce. Amma gwamnatocin Faransa suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ga yaƙin Aljeriya ya kunno kai tun 1954. Mutanen KGB suka yi lissafi cewa wata rana za a koma a nemi tsohon janar. In ya dawo, wanda yake jin maganarsa zai yi daraja. Takardun da suka tara a kan Dejan kuwa sun nuna musu abu ɗaya: dattijo ne mai hankali da iya aiki, amma ba ya iya kau da kai daga kyakkyawar mace.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da wannan makirci ya fito ne daga bakin ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙulla shi, Yuri Krotkov. Shi marubucin wasannin kwaikwayo ne da labaran sinima, mai fara'a da daɗin hira, ya daɗe yana yi wa KGB aiki a ɓoye. In ji shi, hafsan da ke ba shi umarni, Kanal Kunavin, ya gaya masa cewa maganar daga sama ta fito, daga Nikita Kurushef kansa, shugaban ƙasar a lokacin.

Shekara biyu ana share fage

Ba su yi gaggawa ba. Abin da ya fi damun baƙi a Mosko shi ne kaɗaici. Ɗan ƙasa na tsoron a gan shi da bature ɗan yamma, don haka jakadu sai su da junansu, yau liyafa a gidan wannan, gobe a gidan wancan, fuskoki ɗaya, hira ɗaya. Sai ga shi Dejan da matarsa sun dace da abin da sauran jakadu ba su samu ba: abokai Rashawa. Marubuta, masu zane, ƴan wasan sinima, duk suna gayyatarsu cin abinci, da yawon jirgin ruwa a tafkunan bayan gari. Dejan ya ɗauka iya hulɗarsa ce ta jawo masa. Bai san kusan kowa a teburin nan yana da wanda zai kai wa rahoto da safe ba.

Shi Krotkov aikin da aka fara ba shi shi ne ya shawo kan uwargidan jakada. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, suka saba ƙwarai, amma bai kai ga abin da aka aike shi ba. Duk da haka sabon ya yi amfani, don ta hanyarsa ya zama ɗan gida, yana shigo da wanda ya ga dama.

Cikin sababbin abokan akwai wani mai suna Oleg Gorbunov. An gabatar da shi a matsayin babban ma'aikaci a majalisar ministoci, mai shiga wurin manya ba tare da sallama ba. Yana da mata mai kirki, yana da gida mai kyau a birni, da gidan hutu cikin itatuwa a bayan gari, irin wanda Rashawa ke kira daca. Kowane jakada zai so aboki irin wannan, don aikin jakada ke nan, ya san abin da manyan ƙasa ke tunani kafin su faɗa. To, Gorbunov ɗin nan ba kowa ba ne sai Gribanov, shugaban sashe na biyu. Matar tasa hafsar KGB ce. Gidan hutun kuwa aro ne daga shugaban hukumar, Ivan Serov.

Ba wannan ne karo na farko da Gribanov ya sa rigar Gorbunov ba. Da sunan nan ya yi abota da jakadan Kanada, John Watkins, wanda ya zauna Mosko daga 1954 zuwa 1956, aka kuma ɗauke shi hoto tare da wani saurayi. Wato ya riga ya gwada dabarar, ya san inda take kamawa.

Mace ta farko da ta yi nasara a kan Dejan sunanta Lidiya Hovanskaya, tsohuwar matar wani ma'aikacin jakadanci, ta zauna Pari, tana jin faransanci. Wannan a farkon 1958 ne. Ana cikin haka sai lissafin Mosko ya fito daidai. Rikicin Aljeriya ya girgiza Faransa a watan Mayu, ranar 1 ga Yuni Degol ya karɓi gwamnati. Shekarar nan ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce ta ƙuri'ar "i" ko "a'a" da aka jefa ranar 28 ga Satumba a Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. Daga ranar da Degol ya dawo, Dejan ya tashi daga jakada kawai, ya zama mutumin da shugaban Faransa ke karanta takardunsa da idon aminci.

Sai dai Lidiya ba ta dace da wasan da Gribanov ke son shiryawa ba. Shi miji mai kishi yake bukata, ita kuwa an san tsohon mijinta a Pari. Sai aka janye ta da hujjar tafiya, aka matso da wata.

Kalmar "Kiyef"

Sunanta Larisa Kronberg, ana ce mata Lora. Ƴar wasan sinima ce, ba ta kai shekara 30 ba. Ta fito a wani fim na 1954 wanda ƴan wasansa suka sami lambar yabo a bikin sinima na Kan, a Faransa, a 1955. Duk da haka ba ta da ɗakin kanta a Mosko. Ɗaki aka yi mata alkawari.

Aka shirya mata labari, aka yi ta maimaita shi a gaban jakada har ya zauna masa: tana da miji, Misha, mai yawon binciken duwatsu da ma'adinai a can Sibiriya. Ba ya zuwa gida sai jefi-jefi, amma mugun mai kishi ne, mai saurin hannu. Aka gyara wani gida a matsayin nata, aka sa na'urorin sauraro. Gidan da ke manne da shi kuwa mutanen KGB suka zauna ciki.

Wata rana, uwargida ta tafi hutu Turai, aka fita yawon shan iska bayan gari, da aka dawo Lora ta gayyaci jakada ya shiga. Gribanov na bayan bango yana saurare. Tare da shi akwai Kanal Kunavin da wani ƙato da zai fito a matsayin Misha, sun sa kayan matafiya, da takalman daji da jakunkuna a baya. Alamar da aka shirya ita ce Lora ta ambaci sunan birnin Kiyef cikin hira. Tana faɗa suka banko ƙofa.

Suka rufe jakadan Faransa da duka. Gribanov ya riga ya gargaɗe su: su dake shi sosai, amma kada wanda ya taɓa fuska. Dalili a fili yake. Fuskar jakada ta jama'a ce, gobe za a gan ta a liyafa, a yi tambaya. Ciwon da riga ta rufe kuwa daga shi sai wanda ya ji masa. Lora na kuka tana cewa su bari, jakadan Faransa ne. Misha ya ce ko wane ne shi bai dame shi ba, ƙara zai kai, sai duniya ta ji. Dejan ya tattara tufafinsa ya fita, direbansa ya kai shi gida.

A nan akwai abin lura. Jakada ba a kama shi, ba a gurfanar da shi gaban alƙalin ƙasar da yake baƙunta. Wannan tsohuwar al'ada ce tsakanin ƙasashe, kuma Dejan ya fi kowa saninta. Kaso bai tsorata shi ba. Abin da ya tsorata shi shi ne takardar ƙara, wadda za ta bi hannu-hannu har ta kai ma'aikatar harkokin waje, jaridu su ɗauka, matarsa ta ji, Degol ya ji.

Mai ceto

A daren ranar nan Dejan yana da gayyatar cin abinci a daca. Ya daure ya je, jikinsa na ciwo, ya zauna ya ci ya yi hira kamar ba abin da ya faru. Mai masaukinsa kuwa shi ne mutumin da ɗazu yake bayan bango. Da aka tashi daga tebur Dejan ya ja Gorbunov gefe, ya kwashe labari duka ya gaya masa, ya roƙe shi taimako.

Gorbunov ya nuna damuwa. Ya ce abin da wuya, doka tana bayan miji, shi ba zai yi alkawari ba, amma zai gwada. Ya bar shi cikin zullumi kwana da kwanaki. Sa'an nan ya dawo ya ce da ƙyar da jiɓin goshi an lallashi mutumin ya janye, saboda zumuncin ƙasashen biyu. Magana ta mutu, in dai ba wani abu ya sake tasowa ba.

Mai karatu, a nan tarkon ya rufe, ba a ɗakin Lora ba. Dubi abin da Gribanov bai yi ba. Bai ajiye hoto a kan tebur ba. Bai ce kawo takarda kaza ko mu tona ba. Da ya yi haka, Dejan zai gane abokan gaba ne suka kewaye shi, wataƙila zuciyar tsohon ɗan gwagwarmaya ta motsa, ya shiga jirgi ya tafi Pari ya faɗi gaskiya. Sai aka bar shi yana ganin ya yi sa'ar aboki. Mutum kan yi wa mai barazana tawaye. Wanda ya rufa maka asiri kuwa da wane ido za ka dube shi ka ce a'a? Ga godiya, ga kuma sanin cewa abin da ya binne yana iya tonewa. Ba sai an tuna masa ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da Mosko ke so a wurinsa ma ba takardun cikin akwati ba ne. Kunnensa da alƙalaminsa suke so. Daga nan abota ta ƙara ƙarfi. In an haɗu, jakada ya faɗi ra'ayinsa a kan al'amuran duniya, da abin da sauran jakadun yamma ke cewa. Gorbunov kuma ya raɗa masa abin da ya ce shi ne tunanin manya, Dejan ya rubuta ya aika Pari a matsayin labari daga majiya mai ƙarfi. Ta haka abin da Kurushef ke son Degol ya ji yake isa teburinsa, da hannun mutumin da ya yarda da shi. Aka yi shekara biyar a haka. Cikin shekarun nan ne Kurushef ya kai ziyara Faransa, a watan Maris na 1960.

Kanal Gibo

Nasara kan sa maharbi ya yi sakaci. A ofishin jakadancin nan akwai wani hafsan sojan sama, Kanal Louis Guibaud, a furta Luwi Gibo, mai wakiltar rundunar ƙasarsa. Na'urorin bango sun nuna ba su zaman lafiya da matarsa. Aka yi ta tura masa mata har aka dace. Amma shi ba a yi masa doguwar dabara ba. A 1962 wasu mutane cikin farin kaya suka tare shi, suka baza masa hotuna, suka ce ya zaɓa: ko ya yi musu aiki, ko kowa ya gani. A watan Yuli na shekarar Kanal Gibo ya harbe kansa a ofishinsa. Ya bar mata da ƴaƴa.

Wannan hanya ta baza hotuna ita ce KGB ta fi bi, don ta fi sauri, wani lokaci kuma tana biya. Wani ƙaramin akawu na ofishin jakadancin Ingila a Mosko, John Vassall, an bugar da shi da giya a wata liyafa, aka ɗauke shi hoto tare da maza. A lokacin wannan laifi ne na ɗauri a dokar Ingila, ba a sauya ta ba sai 1967. Ya ba da kai. Ya koma Landan yana aiki a ma'aikatar sojan ruwa, yana kwasar asirai yana miƙawa wajen shekara bakwai, har aka kama shi a Satumban 1962 aka yanke masa shekara 18.

Ga wanda ya mutu, ga wanda ya sayar da ƙasarsa. Akwai ƙofa ta uku, ko da yake masu bin ta kaɗan ne, don tana da ɗaci. Bari mu tsallaka gaba kaɗan mu nuna maka ita. A 1968 jakadan Ingila a Mosko, Geoffrey Harrison, ya gane cewa mai aikin gidansa da yake nema, wata Galiya, turo ta aka yi. Sai ya sanar da shugabanninsa a Landan da kansa. Aka kira shi gida, aikinsa a Mosko ya ƙare. Amma hotunan da ke hannun KGB sun zama takardun banza, don wanda za a kai wa tsegumi ya riga ya ji daga bakin mai laifin. Jama'a ba su san zancen ba sai 1981, da shi Harrison ya faɗa wa wata jarida. Wannan ƙofa a buɗe take ga Dejan tun daren da aka dake shi. Hikimar Gribanov ita ce ya sa shi ganin ba ya bukatarta.

Asiri ya tonu

Mu koma ga Krotkov. Ya ce mutuwar Kanal Gibo ta tsaya masa a rai, ya ga wasan da yake taya shiryawa kisan kai ne. A Satumban 1963 ya je Landan cikin wata tawagar marubuta da masu fasaha. Ya sulale daga otel, ya miƙa kansa ga hukumomin Ingila, ya kwance musu jakar duka. Ingilishi suka ga maganar ta fi ƙarfinsu su kaɗai, suka sanar da Faransa da Amurka.

Labari ya kai ga Degol. A farkon 1964 aka kira Dejan gida. Masu binciken Faransa suka yi masa tambayoyi, suka bi takardun da ya yi ta aikowa, ba su sami shaidar cewa ya miƙa wani asirin ƙasa ba. Sai a wurinsu ne ya ji ko wane ne Gorbunov. Ka auna yadda dattijo mai shekara 64 zai ji, ran da aka gaya masa cewa amininsa da ya cece shi shi ne ya aiko a dake shi.

Masu ba da labarin sun ce da ya shiga wurin Degol, janar ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce masa: "To, Dejan, ashe kwana ake da mata?" Ya sallame shi. Ba a kai shi gaban shari'a ba, ba a fitar da wata sanarwa ba. Aka bar shi ya ajiye aiki shiru. Faransa ba ta son abin kunya, Ingila da Amurka kuma ba su son a ce su suka kunyata Degol, a lokacin da dama yake jin haushinsu.

A 1966 Degol ya fitar da sojan Faransa daga ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta OTAN, ya kuma ziyarci Rasha a watan Yuni. Babban ofishin ƙawancen ya tashi daga Pari ya koma Burusel a 1967. Kada ka yi saurin cewa aikin Lora ne. Degol ya daɗe da wannan ra'ayi, tun 1958 ya rubuta wa Amurka da Ingila yana ƙorafi a kan yadda ake tafiyar da ƙawancen, kuma ba mutum ba ne da jakada ɗaya zai juya. A ganinmu KGB ta kashe shekaru da ma'aikata masu yawa wajen tura ƙofar da mai gida ke shirin buɗewa da kansa.

Jakadan Kanada, Watkins, shi ma tsohon zancensa ya taso. A Oktoban 1964 zuciyarsa ta buga ya mutu a wani otel a Monreyal, ƴan sandan ƙasarsa na cikin yi masa tambayoyi. Su ma ba su sami shaidar ya ci amanar ƙasa ba. Shi kansa Gribanov bai tsira ba. A Fabrairun 1964 wani hafsa na ƙarƙashinsa, Yuri Nosenko, ya gudu wurin Amurkawa a Janeba, aka ɗora wa Gribanov laifin, aka tuɓe shi.

Maganar Dejan ta zauna a rufe har 1969, lokacin da Krotkov ya ba da shaida gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka da sunan aro, George Karlin. Daga baya wani ɗan jarida, John Barron, ya baza labarin cikin littafinsa a kan KGB a 1974. Dejan na da rai duk aka yi wannan. Ya rasu a Pari a 1982. Hukumar KGB ta bi Tarayyar Sobiyet, duka biyu suka rushe a 1991. Larisa Kronberg ta ci gaba da fitowa a finafinai, yawanci a ƙananan matsayi, ta rasu a 2017.